Awon Kaya Tun Daga Gida

Duk wanda ya taɓa bin layin awon kaya a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ko na Jidda lokacin dawowar masu Umara, ya san abin da ke faruwa a gefen kanta. Akwatuna a buɗe a ƙasa, dattijo ya durƙusa yana ciro kaya daga wannan yana cusawa a wancan, abin da ko a gida ba zai so baƙo ya gani ba ga shi a idon jama'a. Na bayansa suna tsaki, ma'aikaciyar jirgi tana duban agogo. Kilo uku kacal suka ƙaru, kuma a cikin 'yan mintuna ake so ya zaɓa: ya biya kuɗin da bai shirya musu ba, ko ya zubar da wani abu, ko ya roƙi wanda bai sani ba ya ɗaukar masa. A cikin ukun nan babu mai daɗi, na ƙarshen kuwa har haɗari gare shi.

Maganin yawancin wannan wahala wata 'yar na'ura ce da za ta shiga aljihun riga: sikelin rataye na matafiya. Mariƙi ne mai ɗan allo da ke nuna lamba, a ƙasansa akwai maɗauri ko ƙugiya. Ka ɗaura a hannun akwati, ka ɗaga sama, ya faɗa maka nauyin. Galibinsu suna auna har kilo 50, kuma kuɗinsu bai kai abin da ake biya a kan akwati ɗaya da ya haura ƙa'ida a tafiyar ƙasa da ƙasa ba. Babban amfaninsa a wurina shi ne lokaci. Shawarar abin da za a ɗauka da abin da za a bari dole ne a yanke ta, ko a so ko a ƙi. Sikelin yana ba ka damar yanke ta a tsakar ɗakinka, kwana biyu kafin tashi, hankalinka a kwance, maimakon a bakin kanta kana gumi.

Amma lambar da sikeli ya nuna ba ta da amfani sai mutum ya san da wace ƙa'ida zai gwada ta, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Kamfanonin jirage suna bin ɗaya daga cikin tsari biyu. Na farko shi ne na ƙidayar jaka: a ce maka jaka biyu, kowacce kada ta wuce kilo 23. Shi ne ya fi yawa a jiragen da ke zuwa Afirka da Amurka, kuma shi kamfanoni irin su Ethiopian Airlines suke bi. Na biyu shi ne na jimillar nauyi: a ba ka, misali, kilo 30, ka raba su a jaka nawa ka ga dama. Bambancin ba ƙarami ba ne. A tsarin farko, wanda ya zo da akwati mai kilo 27 da wani mai kilo 19 zai ce ai duka 46 ne, bai wuce haƙƙinsa ba. Lissafinsa daidai, amma za a caje shi, domin kowane akwati da kansa ake yi masa hukunci, kuma kilo huɗun da suka rage a ƙaramin ba sa ceton babban. Da ya san haka tun a gida, mayar da takalma biyu da 'yan littattafai daga nan zuwa can ya isa ya kashe maganar.

Jakar hannu ma tana da nata iyaka. Kilo 7 ne a ƙaramin aji na Emirates da Qatar Airways da Ethiopian, kilo 8 a Turkish Airlines da EgyptAir. Da yawa suna ɗauka ba a auna ta, har ranar da za a ce su ɗora.

Daga ina 23 ɗin nan ta fito? Laba 50 ce ta ma'aunin Amurkawa, idan aka mayar da ita kilo sai ta kusa 23. Haka ma kilo 32, wadda ita ce iyakar ƙarshe ta jaka guda a yawancin manyan kamfanoni, laba 70 ce. Wannan iyakar ta biyu ba a sayen ta da kuɗi. Idan akwati ya haura 32, ko nawa ka ce za ka biya, sai an raba shi gida biyu ko a tura shi ta kago. Dalilin kuwa mutane ne. A ƙasan jirgi, musamman matsakaitan jirage, ma'aikacin lodi yana durƙushe ne a wurin da ba zai iya miƙewa tsaye ba, yana karɓar akwati yana jerawa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa a wuni. Ƙashin bayansa ake karewa. Wannan ita ce amsar ƙorafin da nake yawan ji daga siraran mutane, cewa ga wani can ya fi su nauyi da kilo arba'in ba a ce masa komai ba, su kuma an tare su a kan kilo biyu. Shi wancan da ƙafarsa zai hau jirgi. Akwatin kuwa ɗaukarsa za a yi.

Akwai kuma lissafin jirgin kansa. Kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, kuma yadda aka rarraba nauyin tsakanin gaba da baya yana shafar yadda zai ɗaga hanci daga titi. Da wannan lissafi matuƙi yake sanin man da zai sha da gudun da zai kai kafin ya ɗaga. A garuruwa masu zafi irin Sakkwato da Maiduguri abin ya fi tsanani, domin iska mai zafi ba ta da kauri, fikafikai ba sa samun abin dogara sosai. Abin da rashin wannan lissafi yake haifarwa an gan shi a Kwatano ranar 25 ga Disamba, 2003. Wani jirgi ƙirar Boeing 727 da ya taso daga Konakiri zai nufi Beirut ya yada zango a can, da ya zo tashi ya kasa ɗagawa yadda ya kamata, ya bugi wani gini a ƙarshen titi, ya faɗa bakin teku, mutum fiye da 130 suka rasu. Masu bincike na Faransa sun gano an lafta masa kaya fiye da ƙima, kuma matuƙan ba su da sahihin bayanin nauyin da suka ɗauko, balle yadda aka jera shi.

Ba ina nufin kilo biyunka za su kayar da jirgi ba. Muddin an auna an rubuta, jirgi zai ɗauka lafiya, shi ya sa ma da ka biya ake karɓa. Tsakanin 23 da 32 maganar ciniki ce zalla, kuma cinikin babba ne. A 2008 kamfanin American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan akwatin farko, wanda a da kyauta ne, sauran suka bi sahu. A 2023 kamfanonin jiragen Amurka kaɗai sun tara sama da dala biliyan 7 daga kuɗin kaya. Wanda ya je kanta bai san nauyin kayansa ba ya shiga ciniki ne a lokacin da ba shi da bakin tayawa. Wanda ya sani tun da wuri yana da zaɓi: kamfanoni da yawa suna sayar da ƙarin jaka ta intanet a farashin da bai kai na filin jirgi ba, ga kuma 'yan kago ga mai kayan kasuwa.

Sikelin iri biyu ne. Akwai mai sifirin da allura, ɗan'uwan wanda ake rataya jarirai a kai ranar awo a asibiti. Ba ya bukatar batir, yana da juriya, amma sifirin yana sakewa idan ya tsufa, kuma karanta allura mai rawa alhali kana riƙe da kilo ashirin a sama ba abu ne mai sauƙi ba. Akwai kuma mai lamba. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe da yake lanƙwasa kaɗan, yadda ido ba zai gani ba, idan nauyi ya ja shi. An manna wa ƙarfen wata siririyar waya da wuta ke bi, lanƙwasawar tana sauya yadda wutar ke wucewa, na'urar kuma ta mayar da wannan sauyi lamba. Yawancinsu da ɗan batirin nan mai kama da kwabo suke aiki, wanda aka rubuta CR2032 a jikinsa. Ni mai lamba nake ba da shawara, da sharaɗin ya kasance irin wanda yake tsayar da lambar a allo bayan ya gama awo, don ka ajiye akwatin ka duba a natse. Mai maɗauri kuma ya fi mai ƙugiya, domin hannun akwatunan zamani yana da faɗi, ƙugiya ba ta kama shi da kyau.

Yadda ake awon shi ne inda ake samun kuskure, kuma duk kurakuran ƙanana ne. A kunna sikelin babu komai a jikinsa, a jira ya nuna sifili, sannan a ɗaura. A duba harafin da ke gefen lamba, domin maɓalli ɗaya ne yake sauya shi daga kilo zuwa laba, kuma yara suna son latsa shi. Akwati mai kilo 20 zai nuna 44 idan yana kan laba, hankalin mutum ya tashi a banza. A ɗaga da hannu biyu, a hankali, ba da fizga ba. Kada akwatin ya jingina da gwiwa ko ya taɓa bango, domin duk abin da ya taɓa ya rage masa nauyi, sikelin kuma zai faɗa maka ƙaryar da kake son ji. A bari ya daina lilo. A maimaita sau biyu ko uku, a riƙe lambar da ta fi girma. Tsoho ko mai ciwon baya kada ya gwada ɗagawa shi kaɗai: a zura taɓarya ko sanda mai ƙarfi ta cikin mariƙin idan yana da kafa, mutum biyu su ɗaga.

Sabon sikeli yana bukatar a jarraba shi kafin a amince masa, musamman masu arahar da ba a san maƙerarsu ba. Hanya mafi sauƙi ruwa ne, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Robar ruwa shida masu lita ɗaya da rabi za su ba ka kilo tara da ɗan ɗoriya na nauyin robobin. Ko a rataya buhun shinkafa ko na semo da ba a buɗe ba, wanda kamfani ya rubuta kilo 10 a jikinsa. Idan sikelin ya kauce da giram ɗari ko ɗari biyu, ba komai. Idan ya kauce da kilo guda, a mayar wa mai shago. Batir idan ya yi sanyi lamba takan riƙa tsalle, don haka a jefa sabo guda a aljihun jaka.

Duk da haka, sikelin filin jirgi shi ne alƙali. Ba za ka ci gardama da ma'aikaci ba don naka ya ce 22.9 nasa ya ce 23.6. Abin yi shi ne a bar tazara: a tsaya a kilo 22 ko 22 da rabi. Abin da kake da damar yi a kanta shi ne ka dubi allonsu kafin ka ɗora, ka tabbatar yana kan sifili, ka kuma lura ko akwatin wani ko ƙafarsa na taɓa bel ɗin. Idan bambancin ya kai kilo biyu ko uku, kuma ka san ka jarraba naka, roƙon a sake aunawa a kantar da ke kusa ba rashin kunya ba ne. Wanda bai auna a gida ba ba shi ma da dalilin da zai yi wannan roƙo.

Wani zai ce ai akwai sikelin hawa a gida, ka hau da akwati, ka hau ba akwati, ka debe. Yana aiki, ban musa ba. Aibinsa ɗaya: ba ya bin ka tafiya, kuma kaya a dawowa suke yin nauyi. Mai tafiya ya bar gida da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, duk marasa nauyi. Mai dawowa kuwa yana ɗauke da tsarabar gida guda, wani lokaci ta unguwa guda. Ɗan kasuwar da ya je Guangzhou ko Dubai ya ƙara samfur a kan samfur. Ɗalibin da ya gama Azhar ko Jami'ar Madina ba zai iya barin littattafansa ba, kuma Fathul Bari kaɗai mujalladi goma sha wani abu ne. Takarda kuwa tana cikin abubuwan da suka fi yaudarar ido wajen nauyi. Haka zuma, wadda lita ɗayarta ta kusa kilo ɗaya da rabi. Shi kansa babban akwati, wofinsa yakan ci kilo huɗu zuwa shida kafin a sa masa ko allura, abin da ya kamata mai sayen akwati ya auna tun a shago.

Alhazai su ne suka fi kowa bukatar wannan na'ura, kuma su ne suka fi ƙarancin riƙe ta. Shekaru da yawa ƙa'idar da Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta bi ita ce babbar jaka kilo 32, ta hannu kilo 8, kuma kowace shekara ana sanar da abin da aka tsayar, wanda shi ya kamata maniyyaci ya riƙe. Sayayya kuwa ba rana ɗaya ake yin ta ba. Yau dabino, gobe darduma da carbi, jibi jallabiyoyin jikoki da turare da bagaruwar Makka. Kowanne shi kaɗai ba nauyi, ba a kuma tara su wuri ɗaya a ɗaga sai ranar da jami'ai suka zo masauki awon kaya. A ranar ne ake ganin tsohuwa ta zauna a gaban jakarta tana rarraba abin da ta saya da guzurinta, tana tunanin jikan da zai rasa. Sikeli ɗaya ya ishi ɗaki guda, har ma hawa guda na masauki. Da ana auna jaka duk bayan fita kasuwa biyu ko uku, da kuɗin da aka kashe a kan abin da za a bari a Makka sun dawo gida a aljihu. Ruwan Zamzam kuma ba a sa shi cikin jaka ko kaɗan. Hukumomin Saudiyya sun hana, ana gano shi a na'urar bincike a farke jakar a cire, kuma kason lita biyar na kowane alhaji daban ake kawo shi.

Sai maganar sallahu, wadda ita ce ainihin abin da ke cika mana akwati. A wurinmu ba a cewa a'a ga saƙon ɗan'uwa. Da an ji za ka Ƙahira ko Landan, ƙulle-ƙulle za su fara isowa, kowa yana cewa ɗan abu ne, ba nauyi. Mutum yana jin nauyin ƙi, ya karɓa, ya je can a caje shi, ya kuma yi shiru don kada a ce ya yi gori. A nan sikelin yana yin wani aiki da maƙeransa ba su yi tunaninsa ba. Ka ɗaga akwati a gaban mai saƙo, ka juya mata allon: "Gwaggo, duba da idonki, ashirin da ɗaya da rabi. Kilo ɗaya na ware miki, zaɓi wanda ya fi muhimmanci a kai wa Yaya." Ba kai ka ƙi ba, kuma ita ma ta gani. Zumunci bai taɓu ba, aljihu bai taɓu ba.

Duk saƙon da aka karɓa kuma a buɗe shi a gaban mai shi. A filin jirgi kuwa, wanda ya matso ya ce, "Alhaji, na ga kayanka ba yawa, don Allah taimaka min da kilo biyar," a ba shi haƙuri, komai kyawun fuskarsa. Jakar da aka rubuta da sunanka taka ce a idon doka, da duk abin da ke ciki. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a Disamban 2018 ba, bayan wasu ma'aikatan filin jirgi sun liƙa sunanta a wata jaka mai ɗauke da ƙwayoyi ba da saninta ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta kama waɗanda suka yi aikin. Ita ba ta karɓi kayan kowa ba, amma labarinta ya nuna muhimmancin 'yar takardar nan da ake manna maka a bayan tikiti ko fasfo bayan awo. Ƙidaya su: jaka biyu ka bayar, shaida biyu za ka karɓa. Sau da yawa ana buga adadin jaka da nauyinsu a jiki, kuma wanda ya auna kayansa a gida shi ne zai gane nan take idan lambar ba tasa ba ce.

Akwai abubuwan da sikeli ba zai faɗa maka ba. Ba ya auna girma, alhali yawancin kamfanoni sun ƙayyade tsawo da faɗi da kaurin akwati, idan an haɗa, kada su wuce santimita 158. Ba ya duba siffa: filin jirgin Dubai ya daina karɓar ƙunshin da ba shi da shafaffen gefe tun 2017, Ethiopian Airlines kuma ta hana jakar Gana-mas-go daga Nijeriya a ƙarshen 2023 sai idan an sa ta cikin kwali ko wani mazubi mai tauri, saboda tana maƙalewa a bel ɗin jan kaya. Ba ya sanin abin da aka haramta: Amurka da Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga ƙasashenmu ya shiga da nama, don haka kilishi ko da giram ɗari ne yana iya jawo ƙwacewa da tara. Idan kuma ana rage wa babban akwati nauyi ana mayarwa jakar hannu, a tuna man shanu da zuma da humra ba sa wuce bincike a mazubin da ya haura mililita 100, fawa bank kuwa akasin haka ne, a jakar hannu kawai ake yarda da shi.

Tarkon da ya fi kama mutanenmu shi ne na zango na biyu. Mutum ya sauka Legas ko Abuja da kilo 46 ɗinsa cif, bai karya ƙa'idar kowa ba, sai ya nufi jirgin cikin gida zuwa Kano ko Yola da tikitin da ya saya daban. Wannan tikitin yana da tasa ƙa'idar, kuma yawanci ko rabin 46 ɗin da ƙyar take kaiwa, sauran duk da kilo-kilo za a lissafa masa. Don haka kafin a fara cusa kaya a akwati, a buɗe kowane tikiti na tafiyar, zuwa da dawowa, a duba abin da aka rubuta a gurbin kaya. Mafi ƙanƙantar lamba a cikinsu ita ce za a auna kaya da ita, ko kuma a ware kuɗin rarar tun daga gida.